Yadda A Ke Samun Lantarki Daga Iska A Gidan Manomi

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, duk mai ɗan janareta a gida ko a kanti ya ji a jikinsa. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa har ta wuce naira 1,000. Ana cikin wannan hali, a watan Oktoba na 2024, sai manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu.

Saboda haka ne samari a Nasarawan Doya da sauran garuruwan ƙasar Makarfi, da Kudan, da Ikara, su ke yawan tambayar malaman gona, shin mutum ba ya iya ƙera injin iska da kansa, irin wanda su ke gani a hotunan waya, ya huta da sayen mai? Amsa ita ce, yana iyawa. Amma fa ba a kowane gida ba, ba a kowane wata ba, ba kuma don kowane aiki ba. Wanda ya fara da sayen ƙarfe tun bai san iskar gidansa ba, to, kuɗin takinsa ya ke shirin ratayewa a kan sanda. Tsarin aikin shi ne, a auna iska, a lissafta bukata, sa'an nan a nufi wurin mai walda.

Abin Ba Sabo Ba Ne

A shekarar 1891 wani malamin makaranta a ƙasar Denmak, mai suna Poul la Cour, ya kafa injin iska mai ba da lantarki a garin Askov, daga baya ya riƙa koya wa 'ya'yan manoma aikin. A shekarun 1930 manoman Amurka da layin wuta bai kai gare su ba, da ƙananan injunan iska su ke cika batiran rediyonsu. A Malawi, bayan yunwar da aka yi a 2001 zuwa 2002, wani yaro ɗan manomi, William Kamkwamba, wanda rashin kuɗi ya fitar da shi daga makaranta, ya haɗa nasa da tsohon keke, da fankar tarakta, da bututun roba, da sandunan itace. Da shi ya kunna ƙwayaye huɗu da rediyo biyu a gidansu. A Sikotilan kuma akwai Hugh Piggott na ƙauyen Scoraig, wanda maƙera a ƙasashe da yawa su ke bin tsarinsa na farfelar katako da maganaɗisu.

A nan gida, Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta kafa injin mai kilowat 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada. Babban aiki kuwa shi ne na Lambar Rimi a Jihar Katsina, wanda aka fara shirinsa a 2005 zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 2007, ya kuma ɗauki fiye da shekara 10 bai kammala ba. Injuna 37 ne, kowanne kilowat 275, jimla megawat 10. Akwai abu biyu a Lambar Rimi da ya kamata mai ƙaramin inji ya riƙe. Na fari, ko da ya ke ƙasar Katsina fili ce, sai da aka ɗaga injunan mita 55 sama don a sami iska mai kyau. Na biyu, kamfanin Vergnet na Faransa ya ƙera irinsu ne yadda za a iya kwantar da su ƙasa saboda gyara da tsoron guguwa.

Lissafin Ƙarfin Iska

Ƙa'ida biyu ke riƙe da wannan aiki duka. Ta fari, in aka ninka tsawon fiffiken farfela sau 2, ƙarfin da za ta kama ya ninku sau 4, don faɗin da'irar da ta ke sharewa ne ke kama iska. Ta biyu, wadda ta fi muhimmanci, in gudun iska ya ninku sau 2, ƙarfinta ba sau 2 ya ke ninkuwa ba, sau 8 ne. Haka nan in gudun ya ragu da rabi, kashi 1 cikin 8 kaɗai ke saura.

Har wa yau ba injin da ke iya kame ƙarfin iska duka, gama tilas ta wuce ta baya wata ta shigo. Wani Bajamushe, Albert Betz, ya nuna cewa iyakar abin da za a iya kamawa kashi 59 ne cikin 100. Injin gida in ya sami kashi 25 cikin 100 ya yi ƙoƙari. Ga abin da farfela mai faɗin mita 2, watau kowane fiffike mita 1, za ta bayar bisa wannan lissafi:

Iska mai gudun mita 2 a sakan: wat 3, watau babu.
Mita 3 a sakan: wat 12.
Mita 4 a sakan: wat 28.
Mita 5 a sakan: wat 54.
Mita 6 a sakan: wat 93.
Mita 8 a sakan: wat 220.

A dubi tsakanin mita 3 da mita 6. Inji ɗaya ne, kuɗi ɗaya aka kashe, amma wani ya sami wat 12, wani 93. Bambancin ba daga gwanintar maƙeri ya ke ba, daga wurin da aka kafa ne. A lura kuma, farfela ta kan yi ta juyawa a iska mai rauni mutane na kallo suna sha'awa, alhali kuwa ko ɗigon wuta ba ya shiga batir. Juyawa dabam, caji dabam.

Yadda Za A Auna Iska

Iskar ƙasar Zazzau ba ta kai ta bakin hamada ƙarfi ba, kuma tana bin lokaci. Ta fi kaɗawa da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, tana fitowa daga arewa maso gabas. Da bazara ta kan juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma. Wajen ƙarshen damina, Agusta zuwa Oktoba, ta kan kwanta ƙwarai. Matan da ke shiƙar hatsi sun riga kowa sanin wannan, don sun san sa'ar da iska ke tashi da wurin da ta fi bi a bayan gari, ya kamata a tambaye su.

Ba sai an sayi na'ura ba. Tun 1805 wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, Francis Beaufort, ya tsara yadda a ke ƙiyasta iska da ido, daga baya aka daidaita tsarin da alamun tudu. A sami doguwar gora, a ɗaura ƙyalle mai tsawon kamu 2 a kanta, a kafa ta daidai inda a ke nufin sa inji. Sa'an nan a sayi ɗan littafin rubutu, bayan kowace salla a duba a rubuta lamba ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Hayaƙi na karkata kaɗan, ganye bai motsa ba. Ƙasa da mita 2.
2. Ana jin iska a fuska, ganye na ɗan raɗa. Mita 2 zuwa 3.
3. Ganye da tsinke ba su daina motsi, ƙyalle ya miƙe. Mita 3 da rabi zuwa 5.
4. Ƙura da takarda na tashi, ƙananan rassa na kaɗawa. Mita 5 da rabi zuwa 8.
5. Ƙananan itatuwa na rangaji. Mita 8 zuwa 10.

Shekara guda ta fi kyau, in ba hali a haɗa hunturu ɗaya da damina ɗaya. In aka ƙirga aka ga lamba 3 da 4 sun kai rabin abin da aka rubuta, wurin ya cancanci inji. In galibi 1 da 2 ne, a rufe littafi a gode wa Allah, an tsirar da kuɗi. A lura da yadda ƙyallen ke yi kuma. In ya miƙe sosai waje ɗaya, iskar mai kyau ce. In yana kaɗawa nan da can yana naɗe gora, iskar ta rikice, za ta yi ta wahalar da inji ba ta ba shi ƙarfi ba.

Lissafin Bukata

Wat kamar kaurin ruwan da ke fita daga famfo ne, wat-awa kuwa kamar ruwan da ya taru a tulu. Ƙwai mai wat 5 in ya ci awa 5, ya sha wat-awa 25. Ga misalin gidan manomi a kwana ɗaya: ƙwayaye 4 na zamani masu wat 5, awa 5, wat-awa 100. Rediyo mai wat 5, awa 4, wat-awa 20. Cajin waya 4, wajen 40. Ƙaramar fanka mai aiki da batir, wat 15, awa 6, wat-awa 90. Jimla 250.

To, farfelar nan ta mita 2, in ta sami iskar mita 4 na awa 10 a rana, za ta tara 280, ta biya bukata. In ta mita 3 ce, 120 kaɗai za ta tara, ko rabi bai kai ba. Ɗan kasuwa mai rumfar caji da ke karɓar waya 30 a yini yana bukatar 300 zuwa 450.

Abin da injin gida ba ya iyawa, gara a faɗa tun yanzu. Dutsen guga na lantarki yana shan wat 1,000. Injin ban ruwa na fetur da a ke kaiwa fadama, mai ƙarfin doki 5 da rabi, ya kai wat 4,000, gama ƙarfin doki 1 wat 746 ne. Injin niƙa da na matse rake sun fi haka. Duk wanda ya ce wa manomi farfelar mita 2 za ta tashi waɗannan, cinikinsa ya ke nema.

Wurin Kafawa

Itace da gini suna karya iska su rikita ta, ba a bayansu kaɗai ba, har sama da su. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce, farfela ta ɗara duk abin da ke kewaye da ita, cikin tazarar mita 150, da kamar mita 9. Cikin gari, inda mangwaro da dogon yaro da rimi suka yi rumfa, wannan ba ya samuwa. Fadama ma kwari ce, ga rake ga itatuwa, iska ta kan bi ta samanta ta wuce. Wurin da ya dace shi ne gidan gona ko gidan gefen gari da ke kan tudu, wanda arewa maso gabas da kudu maso yamma ɗinsa suka zama fili.

Kada a kuskura a ɗora inji a kan soro ko rufin kwano. Jijjigarsa tana tsaga bango, ƙararsa ta hana barci, in fiffike ya ɓalle kuma tsakar gida zai faɗa. A ba shi nisa daga ɗaki da hanya da turken dabbobi fiye da tsawon sandarsa.

Kayan Aiki

Dainamo. Shi ne zuciyar inji, a nan kuma aka fi yin asara. Galibi altanetar mota a kan fara saye, don tana da araha wurin 'yan gwangwan. Ba ta dace ba. An yi ta ne don injin mota, ba ta fara caji sai ta yi juyi wajen 1,000 a minti, kuma kafin ta ba da wuta sai ta fara shan ta batir, har abin da za ta sha ya fi abin da iskar mita 4 ke bayarwa. Farfelar mita 2 kuwa juyi 170 zuwa 300 ta ke yi a minti cikin iskar mita 3 zuwa 5. In aka ce a ƙara gudu da bel, sai bel ya cinye ɗan ƙarfin da ke akwai.

Abin da a ke so shi ne mota mai maganaɗisu a ciki, irin ta ƙafar keken lantarki, ko wadda aka cire daga tsofaffin injuna. Ana samun irinsu a Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, da Sabon Garin Zariya. Gwaji biyu za a yi kafin a biya. A haɗa bakin wayoyinta, a juya ta da hannu. In ta yi tauri tana turjiya, akwai maganaɗisu. Sa'an nan a karanta rubutun jikinta. Wadda aka rubuta wa bolt 24, juyi 3,000, ba za ta kai bolt 14 da a ke bukata don cika batir ba sai a juyi 1,750, saboda haka ba ta da amfani. Wadda aka rubuta wa bolt 90, juyi 1,750, za ta kai a juyi 270, ta yi, sai dai a ɗan rage tsawon fiffike don ya ƙara gudu. Watau a nemi mai bolt da yawa, juyi kaɗan. Wanda ya sami gwanin naɗin waya yana iya bin tsarin Piggott, a jera maganaɗisu a kan faifan ƙarfe biyu, a sa naɗaɗɗiyar wayar tagulla tsakaninsu, a ɗora duka a kan cibiyar ƙafar mota mai boris. Maganaɗisun nan suna da ƙarfi ƙwarai, suna iya murƙushe yatsa.

Farfela. Fiffike 3 ya fi. A fafe su daga busasshen katako mara nauyi, mara gaɓa, ko a yanko su daga bututun roba mai kauri na inci 6 ko 8. Gindi ya yi faɗi kamar santimita 15, baki ya tsuke zuwa santimita 5, gefen da ke yanka iska a zagaye shi, na baya a fiƙe shi. A shafa fenti, don rana tana sa roba ta yi gautsi. Bayan an ɗaura, a auna tsakanin bakin kowane fiffike da na kusa da shi da igiya, lalle ukun su zo daidai. A rataye farfelar a ɗaki inda ba iska. In wani fiffike kullum shi ke saukowa ƙasa, ya fi nauyi, a ƙara wa sauran ɗan ƙarfe a gindi har ta tsaya ko ina aka bar ta. Farfelar da ba a daidaita ba ita ke cin boris ta kwance noti.

Wutsiya. Aikinta biyu ne. Tana juya inji ya fuskanci iska, tana kuma kawar da shi in iska ta yi yawa. Ga dabarar. Kada a ɗora dainamo daidai tsakiyar sanda, a gusar da shi gefe kamar santimita 10. Wutsiya kuma, mai tsawon fiffike ɗaya da faifan katako ko kwano a ƙarshenta, kada a yi mata walda ta kafe, a sa ta a kan ƙarfen da za ta iya juyawa a kansa, wanda aka kishingiɗar baya kamar digiri 20. In iska daidai ce, nauyin wutsiya ya riƙe farfela tana fuskantarta. In ta yi ƙarfi, sai ta ture farfela gefe, wutsiya ta naɗe ta ɗaga sama, iska ta wuce. Da ta lafa, nauyin wutsiya ya komo da kome wurinsa.

Sanda. Bututun ruwa na ƙarfe mai inci 2, guda 2 masu mita 6 a haɗe, sun ba da mita 12. A yi mata gindin siminti mai maƙala irin ta ƙofa don a riƙa kwantar da ita. A ɗaure ta da wayar ƙarfe ta kusurwa 4, a tsakiya da kuma ƙasa da farfela kaɗan, turakun a nisan rabin tsawon sanda. Itace ba ya daɗewa saboda gara. Wayar wuta ta bi ta cikin bututu a sake, a sa mata mahaɗi a ƙasa, don a riƙa cirewa ana warware murɗewarta. Ranar tayarwa a fara gwada sandar ita kaɗai ba inji, kuma kada kowa ya tsaya a ƙarƙashinta.

Waya Da Batir

Wuta mai bolt 12 tana ɓacewa a hanya in waya siririya ce ko doguwa. A yi amfani da ta tagulla mai kauri, milimita 4 ko 6, batir kuma kada ya wuce mita 30 daga gindin sanda. Tsakanin dainamo da batir lalle a sa dayod, watau ƙofar da ke barin wuta ta shiga ba ta komo ba, in ba haka ba batir zai riƙa juya farfela kamar fanka har ya ƙare. A nan tsohuwar altaneta ta ke da rana, gama dayod ɗin cikinta suna yin wannan aiki. A sa fis dab da kan batir.

Injin iska ba a raba shi da kaya. In batir ya cika aka cire waya, farfela ta zama dokin da ya tsinke linzami, za ta yi ta gudu har ta tarwatse. Saboda haka kwantirolar sola ba ta dace da shi ba, don ita yanke wuta ta ke yi. A nemi irin wadda ke karkatar da rarar wuta zuwa wani abu, kamar ƙwayayen fitilar mota.

Batir mai amfiya-awa 100 yana ɗaukar wat-awa 1,200, amma rabi kaɗai a ke sha, watau 600. In ma'auni ya nuna bolt 12.7 batir na hutawa, ya cika. In ya sauko 12.1, an kai rabi, a kashe kaya. Batirin mota ba a yi shi don irin wannan aiki ba, ba ya daɗewa, na sola ya fi. A ajiye shi inda iska ke shiga, ban da ɗakin kwana, nesa da wuta da taba, gama yana fitar da iska mai kamawa. In ruwansa ya ragu, ruwan batir za a ƙara, ban da na rijiya. Wanda ya mutu a mayar wa masu saye, kada a fasa shi a gida, dalmar cikinsa guba ce, ga yara musamman.

Hadarin Bazara

Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara. Ba hunturu ke kashe injin iska a ƙasar nan ba, guguwar da ke gaban hadari ce, wadda ke tasowa daga gabas a watan Afrilu zuwa Yuni, da kuma ƙarshen damina. Iskar da ke ɗauke rufin kwano ba ta jin kunyar bututun roba. Bisa ƙa'idar nan ta sau 8, iskar mita 20 ta fi ta mita 4 ƙarfi sau 125.

A yi wa inji birki. Makunni ne a gindin sanda da ke haɗe wayoyin dainamo da juna, ta gefen dainamo kafin dayod. Ban da gefen batir, in aka haɗe na batir gobara ce. Da an ga gabas ta haɗa, tun iska ba ta iso ba, a danna shi, farfela za ta tsaya cik. In za a yi tafiya a lokacin, a kwantar da sanda ƙasa. Saboda tsawa kuma, a kafa sandar tagulla ko ta ƙarfe mai mita 2 cikin ƙasa mai laima, a haɗa ta da gindin bututu da waya mai kauri. Sau 2 a shekara, kafin hunturu da kafin bazara, a sauko da inji, a ɗaure noti, a sa wa boris giris, a duba tsaga a gindin fiffike.

Injin Ganga Don Ɗaga Ruwa

Dattawan Makarfi da Kudan sun san injin matse rake da doki ke juyawa don yin mazarƙwaila. A hankali ya ke tafiya, amma da ƙarfi. Dokin sukuwa kuwa gudu gare shi. Farfela mai fiffike 3 dokin sukuwa ce, ita ta dace da lantarki. Akwai kuma na a hankali, wanda wani mutumin Finlan, Sigurd Savonius, ya ƙago a shekarun 1920. A tsaga gangar ƙarfe mai lita 200 biyu daga sama zuwa ƙasa, a zame rabi ɗaya gefe su ɗan shiga juna, a kafe su a jikin sandar ƙarfe a tsaye mai boris sama da ƙasa. Ba ya bukatar wutsiya, ta ko ina iska ta zo zai juya.

Don yana da sauƙin yi, mutane su kan ɗaura masa dainamo, su yi ta jiran wutar da ba ta zuwa. A iskar mita 4 ganga ɗaya wat 3 ko 4 ta ke bayarwa. Amma in aka haɗa ta da ɗan famfo, tana iya ɗago ruwa lita 150 zuwa 200 a awa daga rijiya mai zurfin mita 5. Wannan ya isa shayar da shanun noma, da renon irin tumatir da barkono, da ɗan lambun bayan gida. Kadada guda ta tumatir da rani kuwa tana shan lita 50,000 ko fiye a yini. Saboda haka ganga mataimakiyar jigo ce, ba magajiyar injin fadama ba.

Iska Da Rana

Farantin sola mai wat 100 a ƙasar nan yana tara wajen wat-awa 400 a rana mai haske, ba boris, ba noti, ba tsoron guguwa in an ɗaure shi da kyau. Kafin manomi ya yanke shawara, ya tara kuɗin bututu, da waya, da siminti, da dainamo, da ladan mai walda, ya gwada da kuɗin faranti a kasuwa a makon nan. Ga galibin gidajen cikin gari faranti ne zai ci. Inda injin iska ke da rana shi ne gidan tudu mai fili, a haɗa shi da faranti a kan batir ɗaya, kowa da kwantirolarsa. Da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe rana ƙura ta lulluɓe faranti, a lokacin ne iska ta fi ƙarfi. A watan Agusta kuwa, ga gajimare ga iska a kwance, duka biyun su kan yi rauni, sai a rage kaya.

Akwai kuma wata hanya da busasshiyar iska ke yi wa manomi aiki ba waya ba batir. Malam Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa ta har ya sami lambar Rolex a shekarar 2000. A sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi, a riƙa ƙara ruwa safe da yamma. Iska na busar da ruwan, cikin tukunya na yin sanyi, tumatir da yalo da alayyafo su ƙara kwanaki ba su lalace ba.

To, wanda ke da niyya, aikin wannan mako ba ya cin kuɗi: gora ɗaya, ƙyalle ɗaya, littafin rubutu ɗaya. Samari biyu ko uku na iya haɗa kai, kowa ya auna wurinsa, inda lamba ta fi kyau su tara kuɗi su kafa na fari a can, tare da mai walda da mai gyaran rediyo na garinsu. Wanda ya cika littafinsa ya kai wa malamin gona na yankinsa su duba tare. Ana sara ana duban bakin gatari. Allah ya ba da sa'a, ya sa a ga amfanin abin, amin.